Tsohon Akwati, Sabon Amo: Gwanintar Masu Haɗa Kayan Jita da Hannu

A shekarar 1972, John Deacon yana wucewa ta wani titi a birnin Landan sai ya hangi wayoyi suna leƙowa daga cikin babban mazubin shara. Da ya jawo su, sai ga ɗan fanel na amfilifaya maƙale da su. A lokacin Deacon shi ne mai kaɗa jitar bes a ƙungiyar mawaƙa ta Queen, kuma ya karanci ilimin lantarki a Kwalejin Chelsea, saboda haka ya san darajar tsintuwarsa. Ya kai fanel ɗin gida, ya ɗaura shi a cikin wani tsohon akwatin lasifika irin wanda ake ajiyewa a kan kanta, ya sa ramin jona wayar jita a baya, ya fito da wayoyi biyu na maƙala batir mai bolt 9. Iyakar aikin ke nan. Babu maɓallin ƙara murya, balle na rage ta.

Abokin kiɗansa, Brian May, da ya jona jitarsa a wannan akwati, sai ya ji amon da manyan amfilifayoyinsa ba su taɓa ba shi ba. Da shi ya riƙa sa jita ta yi kukan goge, ta yi na kakaki, ta yi na sarewa a fayafayen ƙungiyar. Aka laƙaba wa akwatin suna Deacy. Bayan shekaru masu yawa masu bin diddigi suka gano cewa fanel ɗin daga cikin wata rediyon hannu ya fito, ƙirar kamfanin Supersonic, wadda aka yi a Rodeshiya, ƙasar da ake kira Zimbabuwe a yau. Ƙwararrun da suka ɗauki aikin ƙera irinsa sak kuwa, sai da suka shafe fiye da shekara goma kafin May ya gamsu.

Har gobe akwai mutane a Amurka da Turai da Japan da sauran ƙasashe da ke wannan aiki a garejin gidajensu. Su sayi mataccen kayan lantarki a kasuwar gwanjo, su kwashe hanjinsa, su gina amfilifaya ko fedar sauya sauti a cikin ƙwaryarsa. Wanda ya kalle su daga nesa zai ɗauka rowa ce, ko son ado. Wanda ya matso kusa zai ga cewa babbar gwanintarsu a wuri ɗaya take: sun iya karanta akwati. Sun san abin da zai ɗauka da abin da ba zai ɗauka ba, sun san wanda za a raya da wanda za a bari ya huta.

Sana'a mai asali

Wani babban reshe na tarihin amfilifayar jita a kan teburin mai gyaran rediyo ya soma. Leo Fender, wanda sunansa ya zama tambari a duniyar jita, shagon gyaran rediyo ya buɗe a garin Fullerton na jihar Kalifoniya a 1938, kuma har ya bar duniya bai zama makaɗin jita ba. Jim Marshall na Landan mai koyar da kiɗan ganga ne kuma mai shagon kayan kiɗa. A 1962 shi da ma'aikatansa suka kwaikwayi amfilifayar Bassman ta Fender da kayan da suke iya samu a Ingila, bambancin kayan ya haifar da wani amo dabam wanda ya mamaye kiɗan rok. Brian May kansa, jitar da yake kaɗawa shi da mahaifinsa suka sassaƙa ta tun daga 1963, da katakon wani tsohon murhun ɗumama ɗaki da sifirin ɗin babur.

A birnin Cleveland na Amurka, Mike Zaite, mai kamfanin Dr. Z, ya gina amfilifayoyinsa na farko masu suna Carmen Ghia a kan ƙarfen ƙananan amfilifayoyin da aka ciro daga cikin tsofaffin ogan na Hammond. Injinan majigi na Bell & Howell, masu suna Filmosound, waɗanda makarantu suka daina nuna fim da su tuntuni, yau ana rububinsu saboda amfilifayar da ke cikinsu; makaɗi Blake Mills na daga cikin waɗanda suka fito da su fili. Bruce Zinky kuma ya cusa cikakkiyar amfilifaya, har da lasifikarta, a cikin kwalin taba sigari, ya sa mata suna Smokey.

A Afirka ma akwai masu irin wannan hannu. Mawangu Mingiedi, wanda ya kafa ƙungiyar Konono No. 1 a Kwango, da maganaɗisun da ya ciro daga kayan tsofaffin motoci ya haɗa abin da ke ɗaukar sautin kayan kiɗansa don ya rinjayi hayaniyar Kinshasa. Mdou Moctar na Nijar, jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke ya haɗa ta.

Akwati ma yana cikin da'ira

Abu na farko da gwani ya sani, wanda ɗan koyo ba ya saurin yarda da shi, shi ne cewa akwatin ƙarfe yana da aikin lantarki kamar kowane rizista da ke cikinsa. Dalilin yana jikin jitar kanta. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai abin da ake kira fikof: maganaɗisu ne da aka naɗe da wayar jan ƙarfe wadda kaurinta bai wuce na silin gashi ba, naɗi kusan 8,000 a jita irin Stratocaster. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa, sai ya haifar da 'yar wuta da ba ta kai bolt ɗaya ba, sau da yawa ma kashi ɗaya ko biyu cikin goma na bolt. Wannan 'yar wutar ce amfilifaya ke ninkawa sau ɗaruruwa.

To, amfilifaya ba ta san bambancin kiɗa da ƙazanta ba. Duk abin da ya shigo mata sai ta ninka shi. Wayoyin wutar gida suna yaɗa wani ƙugi a iska, mai bugawa sau 50 a daƙiƙa a Turai da Najeriya da Nijar, sau 60 a Amurka. Fitilu da cajar waya da firji kowanne yana ƙara nasa. Wani lokaci har tashar rediyo sai ta kutso cikin lasifikar makaɗi. Maganin abin Michael Faraday ya nuna shi tun 1836: idan ka kewaye abu da ƙarfe ta ko'ina, hargitsin lantarkin da ke waje a jikin ƙarfen zai tsaya. Sharaɗin shi ne ƙarfen ya zama a haɗe yake da layin ƙasa na da'irar, kuma kowane ɓangare nasa yana taɓa ɗan'uwansa.

A nan tsohon akwati yake yaudarar mutum. Fentin masana'anta ba ya wuce da wuta. Tsatsa ma haka. Sai ka ga akwati na ƙarfe zalla, amma murfinsa da gindinsa ba sa gaisawa, saboda fenti ya shiga tsakani. Gwani yakan ɗauki mita ya ɗora tsinke ɗaya a murfi, ɗaya a gindi, ya saurari kukanta. In ta yi shiru, sai ya kankare fenti da samfefa a inda sukuru ke zama, ya sa wosha mai haƙora wadda za ta ciji ƙarfen. Idan akwatin na katako ne ko na roba, kamar yawancin rediyoyin hannu, sai ya liƙe cikinsa kaf da salatif na jan ƙarfe ko takardar alminiyom, ya haɗa kowane ƙyalle da na kusa da shi, ya kai waya guda zuwa layin ƙasa.

Irin ƙarfen ma da magana. Alminiyom yana da taushin huda, ba ya tsatsa, yana fitar da zafi, amma ba ya tare ƙarfin maganaɗisun da taransifoma ke fesowa. Baƙin ƙarfe yana rage wannan, sai dai yana cinye bakin abin huda, ga nauyi. Wanda zai gina feda mai aiki da batir ba ruwansa da wannan bambanci sosai. Wanda zai ɗora taransifoma biyu a kan ƙarfe ɗaya dole ya yi lissafinsa.

Karatun akwati

Mai sayen sabon akwati ba ya shan wannan wahala. Akwai wanda kusan duk masu haɗa feda suka sani, ƙirar kamfanin Hammond na Kanada, wanda ba shi da alaƙa da masu ogan: lambarsa 1590B, tsawonsa kimanin santimita 11, faɗi 6, zurfi 3. An riga an zana inda kowane rami zai zauna, kwafa kawai za ka yi. Tsohon akwati kuwa yana zuwa da ramukansa, da lanƙwasarsa, da wuraren da aka yi masa walda, duk an yi su don wata buƙata da ta wuce. Bambancin ayyukan biyu kamar na tela ne da aka miƙa masa sabuwar shadda ƙwarya guda, da wanda aka kawo masa tsohuwar babbar riga aka ce ya fitar da kaftani ba tare da ya ɓata aikin wuyan ba. Na biyun sai ya bi ɗinkin da ya tarar.

Shi ya sa gwani ba ya gaggawar ɗauko injin huda. Kafin ya kwance ko sukuru ɗaya sai ya ɗauki hoton cikin akwatin ta kowane gefe. Sannan ya zube kayan da zai sa a kan tebur, ya riƙa gwada su a ramukan da ke nan. Ramin da eriya ke fita a da, ko zai ɗauki jak ɗin jita? Tagar da allurar neman tasha ke yawo a bayanta, ko za a sa mata fitila ta zama alamar cewa an kunna? Ragar gaban lasifika tana nan lafiya, to lasifikar fa, takardarta ta yage ko tana da sauran rai? Yakan taɓa wayoyinta da ƙaramin batir mai bolt ɗaya da rabi. In ta yi ƙas, tana da rai. Maɓallan murɗawa na asali, da mariƙin hannu, da tambarin kamfani, da mitar da ke jikin tsofaffin na'urorin gwaji, duk ana adana su, domin su ne kwarjinin akwatin. Ramin da ya rasa aiki akan toshe shi da kan sukuru mai faɗi, ko a rufe fuskar gaba ɗaya da sabon falle na alminiyom.

Zurfi shi ne abin da ya fi kayar da sababbin shiga. Ido yana ganin fili a sama, ya manta cewa makunnin da ake takawa yana da jiki mai tsawo a ƙasa, kuma kan wayar jita idan ya shiga raminsa yana cin wajen santimita 3 a ciki. Sai an gama aiki a zo rufe murfi, murfi ya ƙi. Gwani yakan yanka kwali daidai da girman fanel da batir, ya jera su a ciki, ya soka wayar jita a raminta, ya rufe, ya girgiza. Haka kuma yakan tambayi kansa wa zai taka wannan abu. Gwangwanin alewa yana da kyan gani, amma ƙafar ƙato a kan dandamali za ta lotsa shi a daren farko. Irin wannan sai a ƙarfafa shi daga ciki da falle mai kauri, ko a mayar da shi abin ajiyewa a kan tebur wanda ake kunnawa da yatsa.

Huda da yanka

Rami ba ya komawa. Wannan ne ya sa aikin huda yake da ladabinsa. Ana rufe fuskar akwatin da salatif na takarda, a yi zane a kansa, don kada fentin asali ya ƙarje. A kafa ƙusa mai tsini a tsakiyar kowane rami a buga mata guduma sau ɗaya, domin bakin injin ya sami wurin zama. A fara da siririn baki, sannan a kawo bakin nan mai hawa-hawa kamar matakala, wanda ke faɗaɗa rami a hankali ba tare da ya yaga siririn ƙarfe ba. A sa katako a ƙarƙashi, a ɗaure akwatin da kyau, domin falle mai kaifi idan ya ƙwace ya bi juyin inji, yatsu yake nema. Robar tsofaffin rediyoyi, musamman irin mai ƙarfin nan da ake kira Bakelite, takan tsage idan an matsa mata, sai da lallashi.

Ma'aunan a kan gwani suke. Jak ɗin jita kaurinsa milimita 6.35 ne, mazauninsa yana son rami na kusan milimita 10. Makunnin ƙafa 12. Ƙaramin abin murɗa murya 7. Rami mai kusurwa huɗu, irin na soket ɗin wutar gida, ana jera ƙananan ramuka ne a gefen zanen, a ɓalle tsakiyar, a gyara bakin da magagari. Bayan an gama sai a kakkaɓe garin ƙarfen tas, domin ƙwaya ɗaya idan ta faɗa kan fanel ta isa ta haɗa layi biyu da bai kamata su haɗu ba.

Akwai wani tarko da kusan kowane ɗan koyo ke faɗawa. Yawancin fedojin jita suna bin tsarin da kamfanin Boss na Japan ya yaɗa: bolt 9, tsinken tsakiya shi ne mara wuta, jikin waje shi ne mai wuta. Akasin abin da aka saba gani ke nan a sauran kayan gida. Wanda ya ɗaura mazaunin caja na ƙarfe a jikin akwatin ƙarfe ya haɗa mai wuta da layin ƙasa kai tsaye, caja ta ɗau zafi, feda ta yi gum. Gwani mazaunin roba yake sawa.

Abin da ake zubawa a ciki

Masu wannan aiki sukan hau tsani mai matakai uku. Na farko feda ce mai aiki da batir. Wadda aka fi farawa da ita ita ce Fuzz Face, da kamfanin Arbiter na Landan ya fitar a 1966, wadda makaɗi Jimi Hendrix ya yi suna da ita. Duk abin da ke cikinta tiransista 2 ne, rizista 4, kafasita 3, da abin murɗawa 2. Aikinta ta ƙara wa sauti ƙarfi har ya wuce abin da tiransistocin za su iya ɗauka, kansa ya yanke, ya fito da kaushi da tsawon numfashi. Na farkon da tiransistan jameniyom aka yi su, irin waɗanda ke cike da rediyoyin hannu na shekarun 1960. Ke nan mai sa'a yakan sami akwati da 'yan cikinsa a tsintuwa ɗaya. Sai dai jameniyom ba ya shiri da zafi: amonsa yana sauyawa idan ɗaki ya ɗumama, wani lokaci ya shaƙe gaba ɗaya. Mai haɗa feda a Agadas ko Sakkwato gara ya nemi na silikon, ko ya sa ɗan abin daidaitawa a ciki.

Mataki na biyu ƙaramar amfilifaya ce. Akwai wani aisi mai ƙafa 8, lambarsa LM386, mai arha, mai aiki da batir mai bolt 9, wanda ƙarfinsa bai kai wat ɗaya ba. Shi kaɗai yana ninka sauti sau 20. Idan aka sa kafasita tsakanin ƙafarsa ta 1 da ta 8 sai ya kai sau 200, ya fara kaushi mai daɗi. Shi ne a cikin kwalin tabar Zinky. Wasu ma ba sa cire fanel ɗin rediyon: sukan yanke wayar da ke kawo sautin tasha zuwa abin murɗa murya, su jona jita a gurbinta. A nan kunnen gwani yake bambanta da na kowa. Yakan ji cewa sautin ya dushe, zaƙinsa na sama ya tafi, kuma ya san dalili: fikof yana son ƙofar shiga mai turjiya babba, wajen om miliyan ɗaya, ita kuwa rediyo tata ba ta wuce dubu biyar ko goma ba. Sai ya sa tiransista guda a tsakani ya raba gardama, sautin ya washe.

Mataki na uku shi ne na manya: amfilifaya mai kwalaben nan masu haske da ake kira bawul. Abin da ya fi tsada a cikinta taransifomomi ne da ƙarfen da ake ɗora su, kuma su ne ake samu a ɓagas a tsohuwar amfilifayar taro, ko injin majigi, ko rakoda mai faifan zare irin Akai M-8. Da yawa sukan gina tsarin Champ na Fender na ƙarshen shekarun 1950, mai bawul 3, wato 12AX7 da 6V6 da 5Y3, da maɓalli ɗaya tak, da ƙarfin kimanin wat 5. Zanensa yaro ma zai iya kwafa. Jera shi a cikin ƙarfen da ba don shi aka yi ba, nan ne ake gane hannu. Ƙofar shigar sauti a can nesa da taransifomar wuta. Taransifomomin biyu a juya su, kada su fuskanci gefe ɗaya, don kada ƙugin ɗaya ya shiga ɗaya. Wayoyi biyu masu kai bolt 6.3 don ɗumama bawul a murɗe su tare kamar igiya, a kwantar da su a lungu. Layukan ƙasa a tattara su wuri guda maimakon a watsa su ko'ina a jikin ƙarfe. A bar wa zafi hanyar fita ta sama. Kuma ba a kunna irin wannan amfilifaya babu lasifika a jone, domin taransifomar fitar da sauti tana iya ƙonewa. Mutum biyu za su bi zane ɗaya da kaya iri ɗaya, ta ɗaya ta yi tsit sai an taɓa tsirkiya, ta ɗayan ta cika ɗaki da ƙugi. Bambancin santimita biyu ne ko uku a inda waya ta bi.

Inda ba a wasa

An ce da tsohuwar zuma ake magani, amma a wannan sana'a akwai tsohuwar da ke kisa, kuma sanin ta rabin gwaninta ne. Manyan kafasitocin amfilifaya mai bawul suna riƙe fiye da bolt 300, kuma suna iya ci gaba da riƙe shi bayan an zare fulogi. Gwani yakan sauke wutar ta cikin rizista, ya auna da mita ya ga ta sauka, sannan ya sa hannu. In dole ne ya yi gwaji wuta na ciki, hannu ɗaya yake aiki da shi, ɗayan yana aljihu, don kada wuta ta sami hanyar ratsa ƙirji.

Mafi haɗari su ne rediyoyin teburi masu bawul 5 da Amurka ta ƙera miliyoyinsu daga shekarun 1930 zuwa na 1960. Don a rage kuɗi, ba a sa musu taransifomar wuta ba. Layin ƙasa na da'irarsu a jone yake da ɗaya daga cikin wayoyin wutar gida. Muddin komai na cikin roba, mai sauraro ba ya taɓa ƙarfe. Amma tsirkiyoyin jita a haɗe suke da layin ƙasa na amfilifaya ta cikin wayar jita. Wanda ya jona jita a irin wannan rediyo yana iya ɗora wutar gida a kan yatsunsa. Keith Relf, mawaƙin ƙungiyar Yardbirds, wutar lantarki ce ta kashe shi a gidansa a 1976 yana kaɗa jitar da kayanta ba su da kyakkyawar wayar ƙasa. Saboda haka gwani ko dai ya sa taransifoma mai raba da'irar da wutar gida, ko ya kwashe komai ya bar ƙwaryar kawai, ya zuba mata da'irar batir.

Duk abin da zai sha wutar gida a akwatin ƙarfe sai da waya mai ƙafa uku, wayar ƙasa a ɗaure da sukurunta ita kaɗai a jikin ƙarfen da aka kankare, da fis daidai kima. Kayan Amurka na bolt 120 ne, ba a soka su a wutar 220 ko 230 sai da abin rage wuta. Ranar kunnawa ta farko ana bi da wutar ta cikin ƙwan fitila mai zare, dabarar da masu gyaran rediyo da talabijin suka daɗe da sani: in ƙwan ya haska ya dushe, lafiya, in ya tsaya da haske, akwai inda waya ta haɗe, kuma ƙwan ya tare ɓarnar. Wasu tsofaffin kayan kuma suna ɗauke da guba: fallen asbestos da aka sa don tare zafi, farin gari ko ruwan ɗorawa da ke fitowa a kan ƙarfen da aka shafe da kadmiyom, da man da ke cikin wasu tsofaffin kafasitoci. Ba a goge su da samfefa, ba a hura su da baki. Dalmar da ake liƙa wayoyi da ita ma akwai guba a cikinta, sai a wanke hannu kafin a ci abinci.

Abin da ya cancanci yabo

Masu wannan sana'a suna da wata ƙa'ida da ba a rubuta ba. Rediyon da ke aiki, ko wadda irinta ta yi ƙaranci, ba a farke ta. Gyara ta ake yi, ko a bar wa masu adana kayan tarihi. Wadda ta mutu murus, kuma irinta na nan birjik, ita ce halak. Wannan kamun kai yana cikin abin da ya sa aikin ya zama sana'a mai mutunci.

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma abin da aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Masu haɗa amfilifaya a gareji ba za su rage wannan tsauni ba, kuma ba su ce za su iya ba. Ribarsu ta wani wajen ce. Wanda ya gina abu a cikin akwatin da ba don shi aka yi ba, dole ya fahimci dalilin kowace waya, tunda babu zanen da zai kwafa ido rufe. Kayan da ya haɗa kuwa, ranar da suka lalace shi zai gyara abinsa.

Kayan aikin ba su yi mana nisa ba. A Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa ta Kano, da kasuwar Katako ta Yamai, matattun sitabilaiza da dikoda da rakoda suna nan jibge, ana sayar da su a kan kilo, kuma akwatunan sitabilaiza na ƙarfe ne mai kauri, da mariƙi, da mita a goshi, da ramukan shan iska. Matashin da ke sha'awar abin ya fara da batir mai bolt 9 da LM386 da lasifikar tsohuwar rediyo, ya mallaki mita kafin ya mallaki injin huda. Aikin da ya shafi wutar gida kuwa, kada ya taɓa shi sai a gaban ƙwararren mai gyara da ya daɗe a kan teburinsa.